Yadda za ki yi amfani da bot ɗin hira na waya wajen magance cin ɓacin rai da rage ƙiba

Akwai wani irin ci da duk wadda ta taɓa yin sa ta san shi ko ba a faɗa mata sunansa ba. Kin ci tuwon dare kin ƙoshi, an wanke kwanuka, yara sun kwanta, sai wata magana da aka yaɓa miki da rana ta dawo tana yawo a kanki, ko maigida ya shigo fuska ba walwala, ko kin tuna kuɗin makarantar da ba a biya ba, kafin ki ankara kin tsinci kanki a kicin kina kankare ƙanzon shinkafa ko kin ɗora indomie biyu da ƙwai ƙarfe 11 na dare, kina ci kina jin wani sanyi-sanyi a zuciya, kina gamawa kuma sai haushin kanki ya rufe ki. Ni na yi shekaru a haka, kuma a lokacin ban ma san abu ne da masana suka sani suka yi nazari a kai ba, na ɗauka kwaɗayi ne kawai yake damuna.

Mu an raine mu da cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, wato ki haɗiye magana, ki yi haƙuri, kar a ji kanku. Toh maganar da aka haɗiye ɗin nan ba ta ɓacewa, tana nan zaune, kuma da yawanmu abinci muke ɗora mata a kai don ta lafa. Jiki ma yana taya wa, domin idan damuwa ta daɗe sinadarin kotisol yana ƙara wa mutum son ci musamman kayan zaƙi da na maiƙo, rashin isasshen barci kuma yana tayar da sinadarin da ke sa jin yunwa ya rage na ƙoshi. Shi ya sa ba wanda yake tashi tsakar dare cikin ɓacin rai yana neman gauta, cincin ake nema da lemo mai sanyi.

Abin da zan nuna miki shi ne yadda waɗannan manhajoji na ƙirƙirarriyar basira da ake hira da su, wato bot, za su yi miki amfani a wannan matsalar. Da mata nake magana saboda su na fi sanin halin da suke ciki, amma maza masu zuwa wajen mai shayi sau biyu a dare ko mai tsire bayan an ci abincin gida, duk matakan ɗaya ne. Amfanin bot a wajena yana wuri biyu: mintunan nan goma da ke tsakanin ɓacin rai da buɗe tukunya, da kuma riƙe miki lissafi har ki ga da idonki abin da yake maimaita kansa. Wadda ta je wajensa neman jadawalin yunwa mai tsanani za ta dawo da matsalar da ta fi wadda ta tafi da ita.

Mataki na 1: ki fara tabbatar da cewa naki bai wuce na waya ba

Wannan kar ki tsallake shi don Allah. Idan kina cin abinci mai yawa sosai cikin ɗan lokaci kina jin ba za ki iya tsayawa ba, a ɓoye, har cikinki ya yi ciwo, kuma hakan yana faruwa aƙalla sau ɗaya a sati har na tsawon wata 3, wannan a likitance ciwo ne mai zaman kansa. Haka idan kina sa yatsa ki yi amai bayan kin ci, ko kina shan maganin gudawa ko shayin wankin ciki don ki fitar da abin da kika ci, ko kina kwana biyu ba ki ci ba don ki hukunta kanki, ko al'ada ta ɗauke saboda rama, ko tunanin gara ki mutu yana zuwa miki. Duk wadda take cikin ɗaya daga waɗannan halaye, asibiti ne nata, ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma ba abin kunya ba ne. Akwai su a asibitin Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, Kware ta Sakkwato da Maiduguri.

Dalilin da ya sa na nace: a ƙarshen watan Mayun 2023 ƙungiyar NEDA ta Amurka, wadda aikinta shi ne taimakon masu cutukan da suka shafi ci, ta dakatar da bot ɗinta mai suna Tessa bayan an same shi yana ba masu irin wannan ciwon shawarar su rage kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, 500 zuwa 1000 a rana, su riƙa hawa sikeli duk sati. Shawarar da ga wani mai ƙiba kawai ba laifi ba ce, amma ga wadda ciwon ya riga ya kama kamar zuba fetur ne a wuta. Bot ba ya ganin fuskarki, abin da kika rubuta masa kaɗai ya sani.

Mai ciki, mai shayarwa, yarinyar da ba ta kai 18 ba, mai ciwon suga da take allurar insulin ko shan ƙwayoyin sauke suga, mai ciwon ƙoda, duk za ku iya amfani da shi wajen hirar damuwa da rubuta abin da ke faruwa, amma canza yawan abinci sai da likitanku. Sannan ki duba ko wani magani ne yake ƙara miki jiki, irin su prednisolone da dexamethasone, wasu magungunan ƙwaƙwalwa kamar olanzapine, allurar tazarar haihuwa ta wata uku ma tana yi wa wasu. Ba cewa na yi ki daina sha ba fa, ki kai maganar wajen wanda ya rubuta miki.

Mataki na 2: zaɓen bot da rufe sirrinki

Ba sai kin biya ko sisi ba. Meta AI yana cikin WhatsApp ɗinki, tun watan Afrilun 2024 aka buɗe shi a Najeriya da Ghana. Akwai ChatGPT da ya fito a Nuwamban 2022, akwai Gemini na Google, akwai Claude, duk suna da na kyauta. Akwai kuma waɗanda aka gina musamman don lafiyar zuciya kamar Wysa, da Noom mai haɗa koci da darussan halayya don rage ƙiba, amma shi Noom da dala ake biyansa kuma da Turanci yake, abincin da ya sani ma ba namu ba ne. Ni dai na yi amfani da na gama-gari ne, ya ishe ni. Hirar rubutu ba ta cin data sosai.

Ki gwada biyu ko uku da tambaya iri ɗaya da Hausa ki ga wanda ya fi gane ki. Hausarsu tana da gyara, wani lokacin zai rubuto miki jimlar da ba Bahaushen da zai faɗe ta, idan haka ta faru ki ce masa ya maimaita da sauƙaƙan kalmomi, ko ki cakuɗa da Turanci idan kina ji, yana ganewa.

Sai sirri. Abin da kika rubuta wa bot yana zuwa wajen kamfanin da ya yi shi, ko a WhatsApp ɗin ma hirarki da Meta AI ba ɗaya take da hirarki da ƙawarki ba. Kar ki sa cikakken sunanki, sunan mijinki, unguwarku, lambar waya, NIN ko BVN, ko hoton katin asibiti mai suna a jiki. Ki ce "maigida", "uwar mijina", "abokiyar zamana", ya wadatar. Ki shiga saitin manhajar ki kashe wurin da ke ba su damar amfani da hirarki wajen horar da na'urarsu idan akwai. Sannan abin da ya fi kusa, wayar kanta: idan yara suna ɗauka su yi gem ko wani yana duba miki waya, ki sa wa manhajar makulli, kar abin da kika amayar cikin fushi ya zama wata fitinar a gida.

Mataki na 3: saƙon farko, ki kafa masa doka

Nan mutane da yawa suke kuskure, sai su rubuta "ina so in rage ƙiba" kawai, shi kuma ya zubo musu dogon jeri na abincin Turawa da ba a ko sayar da shi a Kasuwar Rimi. Ke za ki faɗa masa aikinsa. Ga irin wanda za ki iya kwafa ki gyara daidai da halinki:

"Ina so ka zama kocina a kan cin abinci saboda damuwa. Ni mace ce, shekarata 36, ina zaune a arewacin Najeriya, ni nake girki wa mutum 7. Abincinmu tuwo, shinkafa, taliya, ɗanwake, wake, koko da ƙosai, fura. Matsalata ina yawan ci da daddare idan raina ya ɓaci. Dokokina: kar ka ba ni jadawalin yunwa, kar ka ce in daina cin wani abinci gaba ɗaya, kar ka ba ni shawarar magani. Ka riƙa yi min tambaya ɗaya a lokaci guda, amsarka kar ta wuce layi 5. Kar ka yi ta yabona a kan komai, idan ina yaudarar kaina ka faɗa min cikin mutunci. Idan ka ga alamar abin ya fi ƙarfin hira ka ce min in ga likita."

Maganar yabon nan da gangan na sa ta. Waɗannan manhajojin suna da halin biye wa mutum, duk abin da kika kawo sai su ce madalla, ko da cewa kika yi daga gobe ruwan ɗumi da lemun tsami kawai za ki sha har la'asar. Koci mai amsa amin ga komai ba shi da amfani. Ki ajiye wannan saƙon a wani wuri a wayarki, saboda duk sanda kika buɗe sabuwar hira za ki sake manna shi.

Mataki na 4: sati biyu na rubutu kawai, ba canza komai

Wannan shi ne matakin da ya fi gundura kuma shi ne ya fi komai amfani a wajena. Sati biyu ba za ki rage ko loma ɗaya ba. Duk sanda kika ci wani abu, babba ko ƙarami, ki tura masa layi ɗaya: ƙarfe nawa, me kika ci, a ina, yunwarki ta kai nawa daga 1 zuwa 10 kafin ki fara, sannan me ya faru ko me kike ji kafin nan. Misali: "10:40 na dare, ragowar taliya da lemo ɗaya, a tsaye a kicin, yunwa 3, mun yi waya da yayata ta min maganar bashi, raina a jagule." Shikenan. Idan rubutu yana miki wahala ki yi amfani da murya a inda manhajar ta yarda. Ki ce masa a wannan sati biyun kar ya ba ki shawara, ya ce "na rubuta" kawai.

Ki faɗi gaskiya, har ɗanɗanon da kike yi a bakin murhu, har ragowar kwanon yara da kike cinyewa don kar a zubar, har naman da kika ɗauka a tukunya kafin a raba. Ba mai ganinki, kuma wannan shi ne babban abin da bot ya fi mutum da shi a wannan gaɓar, ba ya zaro ido, ba ya kai labari gidan biki.

Sunan abin da kike ji ma ki yi ƙoƙarin kama shi daidai. "Ba daɗi" bai isa ba. Fushi ne, ko kishi, ko kaɗaici, ko tsoro, ko gajiya, ko zaman shiru ne ya ishe ki? Idan kin kasa ki ce masa ya taimaka miki da tambayoyi har ki gano. Maganin gajiya daban yake da maganin fushi, idan ba ki raba su ba duk abinci za ki ba su.

Bayan kwana 14 ki ce masa: "Ka duba duk abin da na turo, ka faɗa min lokutan da na ci alhali yunwata ba ta kai 5 ba, wane lokaci ne ya fi yawa, wane yanayi ne ya fi jawo shi, da wane abinci." Kar ki karɓi amsar ido rufe, ki koma sama ki duba da kanki, yana iya kuskuren ƙirge. Ni abin da ya fito min ya girgiza ni. Na ɗauka rigimar gida ce take sa ni ci, ashe kusan duk daren da na yi irin wannan cin rana ce da ban karya ba, na sha shayi kawai na fita aiki, na dawo na shiga girki, wato kafin ɓacin ran ma ya zo jikina ya riga ya galabaita. Ɓacin ran ashana ce kawai, itacen tun safe aka tara shi.

Mataki na 5: minti goma kafin a buɗe tukunya

Yanzu kin san lokacinki da abin da ke tunzura ki. Yarjejeniyar da za ki yi da kanki guda ɗaya ce, kuma ba "ba zan ci ba" ce. Ita ce: kafin in ci zan yi magana da bot na minti 10, in na gama idan har yanzu ina so zan ci. Wannan iznin yana da muhimmanci, domin da zarar kin haramta wa kanki abu sai ya ƙara girma a ido.

Ki fita daga kicin tukuna, ki zauna, ki rubuta masa "abin ya taso". Tun da rana ki riga ki koya masa abin da zai yi idan ya ga wannan kalmar: ya tambaye ki yunwar ta kai nawa, yaushe rabonki da cikakken abinci, me ya faru a awa ɗayan da ya wuce, a ina kike jin abin a jikinki, ƙirji ne ko maƙogwaro ko ciki. Akwai gwaji mai sauƙi da zai iya yi miki: da a ce ɗumamen tuwo da miyar kuka aka ajiye miki yanzu za ki ci? Idan eh, yunwa ce, ki je ki zuba a faranti ki zauna ki ci hankali kwance. Idan kuma a'a, lallai sai cincin ɗin nan ko shawarma, toh zuciya ce take nema. Yunwar ciki a hankali take zuwa kuma tana karɓar duk abin da aka ba ta, ta zuciya farat ɗaya take faɗowa da sunan abin da take so.

Idan ta zuciya ce, ki amayar masa da maganar. Ki rubuta duk abin da kika so faɗa wa wadda ta ɓata miki rai ba ki faɗa ba. Sha'awar ci tana hawa ne ta kai ƙololuwa sannan ta sauka da kanta idan ba a biye mata ba, kuma hirar ita ce take riƙe ki har ta fara sauka. Wani lokacin za ki ga hawaye ne ya zo maimakon yunwar, ki bar shi ya zuba.

Sannan ku tsara "idan kaza, to kaza" tare da shi, guda uku sun isa, kuma su zama abin da zai yiwu a gidanki da daddare ko ba wuta. Wani masanin halayya Bajamushe, Peter Gollwitzer, shi ya yi fice da binciken wannan dabarar, cewa wanda ya riga ya yanke abin da zai yi a takamaiman yanayi ya fi cikawa a kan wanda ya yi niyya kawai. Nawa su ne: idan fushi ne zan yi alwala in zauna a kan sallaya, dama hadisi ya koyar da cewa mai fushi idan yana tsaye ya zauna. Idan gajiya ce zan kashe waya in kwanta ko da wanke-wanke bai ƙare ba. Idan kaɗaici ne zan tura wa ƙanwata saƙon murya. Idan bot ya kawo miki shawarar da ba ta dace da rayuwarki ba, irin ki fita yawo ke kaɗai ƙarfe 11 na dare ko ki cika baho ki kwanta a ciki, ki ce masa wannan ba zai yiwu a inda nake ba, kawo wata.

In kuma minti 10 sun cika har yanzu kina so, ki ɗiba a ƙaramin faranti, ki mayar da sauran, ki zauna ki ci ba tare da kallon waya ba, sannan ki rubuta masa. Ko hakan ma ya bambanta da cin tsaye daga cikin leda.

Mataki na 6: gyaran cin rana

Sai yanzu za a taɓa abinci, kuma abu na farko ƙari ne. Ki karya da safe da abin da zai riƙe ki: ƙosai ko alala da koko mara sukari da yawa, ƙwai, ɗumame, wake. Kar ki bar tazara mai tsawo sosai ba ki sa komai a ciki ba. Ki ce wa bot ya taimaka miki ku tsara sati ɗaya daga cikin abin da ake dafawa a gidan dama, domin ba za ki ɗora tukunya biyu ba a wannan tsadar.

Ƙa'idar faranti ta fi ƙirga kalori sauƙi: rabi ganye da kayan lambu, kwata tuwo ko shinkafa ko taliya, kwata wake, kifi, nama, ƙwai ko awara. Mu kam Allah ya hore mana ganye, zogale, rama, alayyafo, kabeji, yakuwa, kuɓewa, kabewa. Malmala ɗaya da miya mai yawa da kwaɗon zogale a gefe, maimakon malmala biyu da ɗan miya. Ido ba mudu ba amma ya san ƙima.

Kar ki yarda da lissafin kalorin da zai ba ki a kan abincinmu, kintace yake yi, bai san girman malmalar gidanku ba, bai san yawan man da aka zuba a ɗanwake ba, kuma yakan faɗi lamba da ƙwarin gwiwa ko ba daidai ba ce. Wurare biyu da lissafinsu yake a fili su ne mai da sukari. Cokalin cin abinci ɗaya na mai, na gyaɗa ne ko manja, kusan kalori 120 ne, ki tuna yadda muke kwarara shi a garau-garau. Sukari kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kar wanda ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin 100 na abin da mutum ke ci a rana, wajen giram 50 kenan ga babba, cokalin shayi 12, kuma robar lemon kwalba guda ta 50cl tana iya kai wannan ita kaɗai, ki duba jikin robar za ki gani. Zoɓo, kunun aya, fura da shayin da muke haɗawa a gida ma sukarin da ke ciki sukari ne. Ki riƙa auna mai da cokali, ki rage sukarin shayi rabin cokali duk sati har harshe ya saba.

Abu ɗaya za ki canza a sati, ki ce masa ya riƙa tambayarki a kan wannan ɗayan kawai.

Mataki na 7: ranar da kika zame

Za ta zo, ko ranar suna ko ranar da aka yi babbar rigima. Abin da yake lalata tafiya shi ne tunanin da ke biyo baya, "tunda na ɓata bari in ƙarasa, ranar Litinin na fara sabo", ko kuma washegari ki ƙi cin komai don ramuwa, wanda shi ne yake sake kai ki kicin da daddare. Ki rubuta masa abin da ya faru tiryan-tiryan, ki ce ya tambaye ki me ya faru kafin nan, a wace gaɓa ce da za a iya juya abin, sannan me za ki faɗa wa ƙanwarki da ita ce ta zo miki da wannan labarin. Amsar da kika ba ƙanwar ita za ki ba kanki. Da safe ki karya kamar kullum.

Biki da azumi ki shirya musu tun kafin su zo. Ranar biki ki ci wani abu a gida kafin ki fita, ki zaɓi abu biyu da kika fi so a can, ki kuma tanadi amsar da za ki ba gwaggon da za ta ce "haba ƙara mana, ko rowar ciki kike yi", bot ya iya taya ki gwada irin wannan amsar cikin ladabi. A Ramadan kuma ki faɗa masa kina azumi da lokacin sahur da buɗa-baki, in ba haka ba zai yi ta ce miki ki sha ruwa da rana. Ki sha ruwa da dabino, ki yi magariba, sannan ki zauna ki ci, kar ki bar sahur. Hadisin nan na kasa ciki uku, ɗaya abinci, ɗaya ruwa, ɗaya numfashi, a lokacin buɗa-baki aka fi buƙatar tuna shi.

Mataki na 8: sikeli, tef da lissafin sati

Sau ɗaya a sati ya isa, rana ɗaya, da safe kafin ki ci komai. Nauyi yana hawa da sauka da ruwan jiki, musamman gab da al'ada, don haka ki ce wa bot ya riƙa duba tafiyar wata guda. Idan kin lura hawa sikelin yana ɓata miki yini ko yana sa ki ƙin cin abinci, ki ajiye shi gaba ɗaya. Tef ɗin tela ma ya wadatar: ki auna tsakiyar cikinki ɗan sama da cibiya, abin da ake so kar ya kai rabin tsayinki, wato mai tsayin santimita 160 ya zama ƙasa da 80.

Rabin kilo zuwa kilo 1 a sati shi ne saurin da likitoci suke ganin ya dace, kuma akwai satin da ba abin da zai motsa. Ba sai kin koma jikin 'yanmatanci ba kafin lafiya ta samu. A wani babban bincike na Amurka da aka fitar a 2002 a kan mutum sama da 3,000 da ke dab da kamuwa da ciwon suga, waɗanda aka sa wa burin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da motsa jiki minti 150 a sati, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. Ga mai kilo 90, kilo 6 da ɗan wani abu kenan. Minti 150 ɗin kuma minti 30 ne sau 5, zagayen tsakar gida da sauri bayan asuba ma yana ciki.

Lambar da na fi so ki bibiya ita ce sau nawa abin ya taso a satin, sau nawa kika yi minti goman kafin ki ci. Duk Juma'a ki ce masa ya taƙaita miki satin a layi 6, ki kwafe ki ajiye a wani wuri ko a littafi, saboda idan hira ta yi tsawo yana manta farkonta, wayar ma tana iya lalacewa ko a sace.

Abin da ba za ki tambaye shi ba, da wanda za ki nema bayan shi

Kar ki bar shi ya zaɓa miki magani. Shayin rage tumbi da ake tallatawa a Instagram da TikTok da yawansu maganin gudawa ne ko mai sa fitsari, ruwa suke fitarwa. Alluran rage ƙiba irin su Ozempic da Wegovy magunguna ne na gaske amma na likita ne, kuma a watan Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan jabun Ozempic da aka kama a wasu ƙasashe, don haka sayensu a hannun mai talla a intanet kasada ce da rai. Idan bot ya ambato wani bincike ko wata lamba da za ki gina hukunci a kanta, ki tabbatar wajen ma'aikacin lafiya, yana iya ƙirƙiro abin da babu. A manyan asibitocin koyarwa akwai sashen masana abinci, ki ce likitanki ya tura ki, ki tafi da taƙaitawar satuttukan nan a hannu, za ta rage muku dogon bayani.

Sannan ki lura da kanki kar hirar ta zama ita ce sabon maɓoya. Idan rubutunki na wata biyu yana nuna cewa abu ɗaya ne yake kai ki kicin kullum, matsalar aure ce, ko bashi, ko rasuwar da ba ki gama jimaminta ba, ko baƙin cikin da ya hana ki barci da jin daɗin komai tun bayan haihuwa, toh wannan abin ne yake buƙatar a taɓa shi, kuma mutum ne zai taya ki. Ki zaɓi mutum ɗaya mai riƙe amana, yayarki ko aminiya ko malamar islamiyyarku, ki faɗa mata. Idan bakin ya yi miki nauyi ki ce wa bot ya taya ki tsara yadda za ki fara maganar, ni haka na yi, na rubuta layi huɗu, na karanta su sau da yawa, sannan na kira ƙanwata bayan isha'i na ce mata akwai abin da nake so ki sani game da ni, kar ki katse ni sai na gama.